Mutum-mutumi zai iya gano mantuwar Baba tun ba ta yi nisa ba?

"Assalamu alaikum, Likita. Daga Marwa nake rubuto maka. Mahaifinmu ya haura shekara saba'in, ɗan kasuwar goro ne, har yanzu yana zuwa rumfa. Kusan shekara guda ke nan muna lura da shi: zai tambayi abu da safe a ba shi amsa, bayan la'asar ya sake tambaya kamar ba a yi ba. Ƙabli da ba'adi sun yi masa yawa a salla. Amma yana gane kowa, yana cinikinsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Yayanmu da ke aiki a Faransa ya turo bidiyon wani mutum-mutumi yana yi wa tsofaffi tambayoyi, wai yana gano cutar mantuwa tun kafin ta bayyana. Ya ce in akwai inda ake yi a Yawunde ko Injamena zai biya ko nawa ne. Da gaske abin yana aiki? Ko mu bar shi a gigin tsufa ne kawai?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da wannan lura, domin gidaje da yawa ba sa farga sai ran da tsoho ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida.

In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko mutum-mutumin da ke hira da mutane zai iya tantance tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni, da kuma abin da ya kamata a yi wa Baba yanzu. Bidiyon ba ƙarya ba ne, ana irin wannan gwaji a jami'o'in Turai da Japan. Amma har yanzu bincike ne, bai zama aikin asibiti na yau da kullum ba, ko a Faransar da yayanku yake. Kuma ko gobe aka sauke shi a Marwa, ba wurinsa zan fara tura Baba ba. Sai dai ban yarda a ce "gigin tsufa ne" a kaɗe riga a tashi ba.

Matakin da ke tsakani

Mantuwa iri-iri ce. Akwai wadda kowa ke yi in shekaru sun ja: sunan mutum ya kwanta maka, kana tsakiyar alwala ya faɗo. Wannan ba ciwo ba ne. Akwai kuma cutar mantuwa sosai, wadda ke hana mutum tafiyar da rayuwarsa: ya kasa riƙe kuɗi, ya sa riga a baibai, daga baya ya daina gane 'ya'yan cikinsa. A tsakaninsu akwai matakin da muke kira ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa, likitoci suna taƙaita sunansa da MCI. Ronald Petersen na asibitin Mayo a Amurka da abokan aikinsa ne suka tsara sharuɗɗansa a 1999: mutum ko iyalinsa sun ga canji, gwaji ya nuna ya yi ƙasa da tsaransa masu irin karatunsa, amma har yanzu yana ɗauke da kansa. Abin da kika bayyana ya yi kama da wannan, ko da yake ba na yanke wa mutum hukunci daga wasiƙa, sai na zauna da shi.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan mataki shi ne, a cikin masu shi da ke zuwa asibitocin ƙwararru, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sukan shiga cutar mantuwa sosai a kowace shekara. A cikin gari, inda ba a tace mutane ba, adadin bai kai haka ba. Wasu sukan tsaya a inda suke shekara da shekaru, wasu ma in an sake gwada su sai a tarar sun dawo daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Wani rahoto na 2017 ya ƙiyasta cewa Afirka kudu da Sahara tana da mutum miliyan 2.13 a 2015, za su kai miliyan 7.62 a 2050. Likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa kuwa a nan Kamaru yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Saboda haka tunanin a samo na'ura ta rage wa ma'aikata aiki ba shirme ba ne.

Abin da na'urar take yi

Wanda aka fi gani a irin wannan bidiyo shi ne Pepper, wani fari mai manyan idanu, tsayinsa santimita 120, da allo a ƙirji. Kamfanin Aldebaran na Faransa ne ya ƙera shi wa SoftBank na Japan, aka fito da shi a 2014. Yana da ɗan'uwa mai suna NAO, ɗan santimita 58. Akwai kuma Paro na Japan mai siffar dabbar ruwa, amma shi don kwantar wa marasa lafiya hankali aka yi shi, ba don gwaji ba.

Ki lura da abu ɗaya: mutum-mutumin ba ya leƙa cikin kai. Ba ya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba ya auna jini. Tambayoyin da ma'aikacin lafiya ke karantowa daga takarda su yake karantowa, ya naɗi amsa, ya ba da maki. Masu bincike a Italiya da Ingila sun ɗora wa Pepper tambayoyi irin na gwajin da ake kira MoCA, suka gwada shi a kan mutane 'yan gomomi. An ga mutane suna karɓarsa, suna ba shi amsa ba tare da ɗari-ɗari ba. An kuma ga inda yake tuntuɓe: jin magana. In ya ba da maki shi kaɗai yakan yi kuskure, sai ƙwararre ya sake sauraren abin da aka naɗa ya gyara. Wannan fa a ɗaki shiru, da mutanen da ke magana da harshen da aka koya wa na'urar. Ni ban taɓa aiki da shi a asibitinmu nan Garwa ba, abin da aka wallafa nake gaya miki. Amma tambayoyin da ke bakinsa na san su ciki da bai, domin da su nake aiki, kuma a nan matsalar take.

Mudun wata kasuwa

MoCA wani likita ne a Montreal ta Kanada, Ziad Nasreddine, ya tsara shi, aka wallafa a 2005. Maki 30 ne, wanda ya samu ƙasa da 26 sai a sa masa alama. Gwaji ne mai kyau ga waɗanda aka yi shi dominsu. Amma mudun wata kasuwa ne, kuma ko mutum ya riƙe shi ko ƙarfe, awon ba zai canza ba.

Bari in buɗe miki takardar. Ana ce wa mutum ya ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B. Ya kwaikwayi zanen akwati mai fuska shida. Ya zana agogo ya sa hannayensa a ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Ya kawo kalmomi goma sha ɗaya masu farawa da harafin F cikin minti ɗaya. Ya riƙe kalmomi biyar, waɗanda a asalin takardar har da coci, da ƙyallen karan-miski, da sunan wani furen Turai. A nuna masa hoton dabba uku: zaki, raƙumi, karkanda. Zaki da raƙumi ba gardama. Karkanda kuwa, abin takaici, dazukan arewacin Kamaru ne mafakar ƙarshe ta baƙar karkandar yammacin Afirka, kuma a 2011 aka ayyana cewa ta ƙare a duniya. Tsohon da bai taɓa buɗe littafin makaranta ba zai iya ce miki mugun dawa ne ko dorina, a zabge masa maki. A ƙarshe a tambaye shi kwanan wata. In ya ce yau sha biyu ga watan Rajab, Talata, daidai ya faɗa, amma na'urar kwanan watan bature take jira.

Wani dattijo dillalin shanu da ke cin kasuwar Adumri, 'ya'yansa suka kawo min shi saboda mantuwa. Na miƙa masa fensir. Ya riƙe shi yadda ake riƙe alƙalamin kara, ya daɗe yana kallon zanen akwatin, ya juya takardar, sannan ya ajiye a hankali ya ce, "Ɗana, wannan aikin 'yan lekol ne." Sai na ture takardar na ce, "Baba, an sayar da bijimi uku, ɗaya sefa dubu 350, biyu dubu 280 kowanne, nawa ke nan?" Kafin in gama danna waya ya ce dubu 910, ya ƙara da la'adarsa a kai. Ya jero min sunayen shanu ta launi da ƙaho har na gaji da rubutu. Da takarda kaɗai na bi, da makinsa ya faɗi warwas. Amma da na ba shi kalmomi na gida ya riƙe, gero da tabarma da rijiya, bayan minti biyar ɗaya kawai ya tuno, ko da na yi masa hannunka-mai-sanda. Wato raunin yana nan da gaske, amma ba inda takardar ke nunawa ba. Mutum-mutumi ba zai ture takarda ba.

Masu MoCA sun san karatu yana shafar maki, shi ya sa suka ce a ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, daga baya kuma suka fitar da wani mai sauƙi don marasa boko. To amma maki ɗaya me zai yi wa wanda bai taɓa zama a aji ba? Sannan wace shekara za a rubuta wa malamin da ya haddace izu sittin, yana rubutu da ajami, yana raba gado da ka? A takardar, karatunsa sifiri ne.

Ko a inda gwajin ya dace da mutane, lissafinsa yana da ban tsoro in aka ce kowa za a bi. A binciken 2005 ya kama kashi 90 cikin ɗari na masu raunin, ya kuma wanke kashi 87 na masu lafiya. A ƙaddara an tara tsofaffi ɗari a ƙofar lawan, 15 daga cikinsu suna da raunin. Zai kama 13 ko 14, madalla. Amma cikin 85 masu lafiya zai sa wa kusan 11 alama a banza. Wannan a Kanada ke nan, a kan mutanen da suka yi makaranta. Ki kawo shi unguwar da yawancin tsofaffi ba su yi boko ba, ki ga yadda alamar banza za ta yi yawa. Kuma a wurinmu kalmar "ƙwaƙwalwarsa ta taɓu" ba ƙaramar magana ba ce. Tana iya raba mutum da rumfarsa, ko da limancinsa. Tsohuwa kuwa, wadda ba ta da gata, daga nan ake fara raɗe-raɗin maita.

Akwai gwaje-gwajen da aka yi dominmu, kuma abin haushi ba su ake tallatawa a bidiyo ba. Tun farkon shekarun 1990 aka fara wani babban bincike tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, inda Hugh Hendrie da Kathleen Hall suka yi aiki da likitocin Ibadan irin su Adesola Ogunniyi. Sun yi amfani da gwajin CSI-D, wanda ba ya buƙatar karatu, kuma kashi biyu ne: ɗaya a tambayi tsohon, ɗaya a tambayi wanda ke zaune da shi. A Ibadan ɗin ne aka fito da gwajin tsinken ashana a madadin zane. Daga baya aka tsara wani gajere mai suna IDEA a Tanzaniya, aka gwada shi a Najeriya ma: mene ne gada, kawo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, wane ne sarkin garinku, yau wace rana ce, riƙe kalmomi goma, sai ashana. Ni kullum akwai kwalin ashana a aljihun rigata. Zan ɗauki tsinke huɗu in jera su a tebur, in ce Baba ya maimaita, har da inda kan kowane tsinke yake kallo. Tsohuwar da ta ƙi taɓa fensir sai ki ga ta gyara zama ta miƙo hannu. Wanda ƙwaƙwalwarsa ke lafiya nan da nan yake yi, yana ma dariya. Wanda abin ya fara taɓawa sai ya jera uku daidai, ya riƙe na huɗu yana jujjuya shi bai san inda zai sa ba.

Kunne, harshe, zafi

Harsunan da aka sa wa Pepper da NAO sun haɗa da Faransanci da Turanci da Larabci da Japananci. Babu Hausa, babu Fulatanci, babu Barbarci. Gaskiya ne ƙirƙirarriyar basira ta fara jin Hausa, kuma tana ƙaruwa. Amma tsohon Marwa ba Hausar rediyo yake yi ba. Jimla ɗaya zai fara da Hausa, ya ratsa Fulatanci, ya faɗi lamba da Faransanci, haƙora sun zube, ga goro a baki. A Kusiri da Injamena a ƙara Larabcin Shuwa. Kuma dattijo ba ya amsa tambaya tsirara. Sai ya yi bisimilla, ya ce "to, Allah ne masani, amma ina jin," sannan amsar ta zo. Na'urar da aka ba daƙiƙa kaɗan ta jira, ta riga ta rubuta ya faɗi.

Sauran ba sai na ja ba. An ƙera Pepper don cikin ɗaki, zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna haura 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa da tafiya, musamman in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Kuɗinsa a Japan a 2015 yen 198,000 ne, amma da kuɗin wata-wata na shekara uku sai ya haura yen miliyan ɗaya. An ma dakatar da ƙera shi tun 2020. Sannan murya da fuskar Baba da za a naɗa, a wace kwamfuta za su kwana, a wace ƙasa, wa zai gani? Wannan tambaya ce da ya kamata iyali su yi wa duk mai na'ura ko manhaja.

Ba zan yi masa rashin adalci ba, yana da abu biyu da nake sha'awa. Ba ya gajiya: mutum na hamsin zai samu tambayar yadda na farko ya samu, ba kamar ma'aikacin da tun safe bai karya ba. Na biyu kunya. Dattijo yana jin nauyin yarinya sa'ar jikarsa ta ce masa ya cire bakwai daga ɗari, ya kasa a gabanta. Wasu sai su fusata su ce raini ne, wasu su ƙi magana. Mai yiwuwa a gaban ƙarfe ba za su ji wannan nauyin ba. Amma duk wannan waya ko ƙaramin allo zai iya yi, ba sai an haɗa da hannu da idanu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin duba tsofaffi mai suna ICOPE, littafinsa ya fito a 2019, akwai shi a manhajar waya: kalma uku za a ba mutum ya riƙe, fure da ƙofa da shinkafa, a tambaye shi rana da wuri, a duba ji da gani da tafiya da cin abinci da halin zuciya. Ma'aikacin lafiyar ƙauye zai iya yinsa.

In an gano, sai me?

Wannan ita ce tambayar da bidiyo ba ya yi. Tantancewa ba gano cuta ba ce, nuni ne kawai cewa a duba wannan da kyau. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya sake duba hujjoji a 2020, ya ce ba su isa a ce a riƙa tantance duk tsohon da bai yi ƙorafi ba. Na Birtaniya ma bai goyi bayan bin kowa da kowa ba. Ki lura, wannan maganar marasa ƙorafi ce. Baba ba ya cikinsu. Ku da kuke gida kun riga kun yi aikin da ake so na'urar ta yi, kun ma fi ta, tun da ku kun san yadda yake shekara biyar baya. Abin da yake buƙata yanzu shi ne matakin gaba, a nemo dalili.

Kada ku sa rai da ƙwaya. Maganin donepezil da 'yan'uwansa ana ba masu cutar Alzheimer (wani nau'in cutar mantuwa) da ta bayyana, amma ba a ga suna hana mai ƙaramin rauni wucewa gaba ba. Sabuwar allurar lecanemab da Amurka ta amince da ita a 2023 kuɗinta a lokacin dala 26,500 a shekara, ana ɗura ta ta jijiya, dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI saboda tana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma rage gudun cutar kawai take yi kaɗan. Magungunan "ƙarin ƙwaƙwalwa" da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, ku bar kuɗinku a aljihu.

Inda ribar take shi ne abubuwan da ke kwaikwayon mantuwa, ko suke ƙara mata gudu, waɗanda kuma ana iya gyarawa. Na farko kunne. Wanda bai ji amsa da kyau ba dole ya sake tambaya. An taɓa kawo min wata Hajiya wai ta ruɗe, ba ta bin zance. Na leƙa kunnuwan, duka biyu a toshe da dauɗa kamar an liƙa. A jakarta kuma ga Piriton da take sha kowane dare don barci, wanda jikanta ke sayo mata a tebur. Aka wanke kunne, aka janye ƙwayar a hankali. Da ta dawo, ita ce ke gyara wa 'yarta lissafin kuɗin mota. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma ba a sani sai an duba. Irin su diazepam, amitriptyline da tramol duk suna dusashe tunanin tsoho. Sai baƙin ciki, wanda a tsofaffinmu ba ya zuwa da kuka, sai dai shiru da rashin barci da "jikina ne ba daɗi", musamman bayan rasuwar mata ko aboki, ko karyewar jari. Sai ƙarancin sinadarin B12, wanda ya fi samun mai ciwon suga da ya daɗe a kan metformin. Sai raunin ƙwayar maƙoƙo. Sai jinin da ke taruwa a hankali a cikin kai bayan faɗuwa, ko daga babur ko a banɗaki, wanda alamarsa kan fito bayan makonni, lokacin kowa ya manta da faɗuwar.

Babba a cikinsu a wurinmu hawan jini ne. Yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa shiru-shiru, ba ciwon kai ba komai. Wani babban bincike a Amurka mai suna SPRINT MIND, da aka wallafa a 2019, ya nuna cewa waɗanda aka saukar wa jini sosai sun samu raguwar kamuwa da ƙaramin raunin da kusan kashi 19 cikin ɗari. Kwamitin masana na mujallar Lancet kuma a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa: hawan jini, suga, raunin ji, raunin gani, taba, kaɗaici, rashin motsa jiki, hayaƙi da sauransu. Iya nawa za a saukar wa Baba jini, wannan likitan da ya gan shi ne zai yanke, domin tsoho in an matsa masa yakan yi jiri ya faɗi.

Abin da zan ce ku yi wa Baba

Ku samu littafi, mutum ɗaya ya riƙa rubuta abin da ya gani na wata guda, ba tare da Baba ya ji ana gadinsa ba. Ba "yana mantuwa" ba, a'a: ran kaza ya ba mutum canji sau biyu, ran kaza ya manta an kawo huhun goro. Ku tambayi yaron rumfa da wanda ke tsayawa kusa da shi a sahu. Maganar ƙabli da ba'adi ina ɗaukarta da muhimmanci, domin salla abu ce da jiki ya saba da ita shekara sittin. Amma ku bambance shakkar raka'a, wadda waswasi da gajiya ma suna kawowa, da ɓacewar surar da ya daɗe yana karantawa.

Ku tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na tebur da na gargajiya, ku tafi da shi. Babban asibitin Marwa ya isa a fara, ba sai an hau jirgi ba. A auna jini da suga, a duba ƙoda da yawan jini, in da hali B12 da maƙoƙo, a leƙa kunne, a duba ido ko akwai yana. Hoton kai ba kowa ke buƙata ba, likita zai faɗa. Kuɗin da yayanku ya ware, nan ne wurinsu, da na'urar ji ko aikin ido in an ce ana so, da maganin hawan jini da ba zai yanke ba. Addu'a da tofi ba sa karo da wannan, a haɗa.

Kada ku cire shi daga rumfa. Ciniki da gaisawa da gardamar farashi su ne motsa ƙwaƙwalwarsa, zaman ɗaki kuwa zai dusashe shi da wuri. A sa masa ɗa ko jika mai amana ya riƙe littafin bashi, a kuma sa ido kan kuɗin waya, domin 'yan damfara tsofaffi suke nema. Goron dare a rage, yana hana barci. Maganar amanar mutane da ke hannunsa, da bashi, da wasiyya, gara a yi ta yanzu cikin mutunci yana da cikakken hankalinsa, ta bakin wani amininsa ko ƙaninsa, ba ta bakin 'ya'ya ba.

Abu ɗaya ba ya jira: in ruɗewa ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko zazzaɓi ya haɗu da sambatu, a tafi asibiti a ranar. Wannan ba mantuwar tsufa ba ce. Shanyewar ɓarin jiki ne, ko maleriya, ko ciwon fitsari, ko suga ya faɗi, ko ƙishirwar bazara.

Wajen kai shi kuma, kada a ce masa za a gwada hankalinsa. A ce za a duba jini da kunne, wanda gaskiya ne. Ku roƙi a yi masa tambayoyin da harshen da ya fi sakewa da shi, da safe, ba yana azumi ba, kuma ku fita ku ba su wuri. Sannan wanda ya fi zama da shi ya ga likita shi kaɗai, domin na san ba ɗan da zai buɗe baki a gaban mahaifinsa ya ce "Baba yana mantuwa", kowa "lafiya lau" zai ce. Ku karɓi makin a rubuce da sunan gwajin da aka yi. Bayan wata shida zuwa shekara a maimaita wannan gwajin dai, da wannan harshen, a kwatanta da na farko.